Injin Numfashin Baba Jatau

To, ku gyara zama. Kai mai shayi, rage wutar nan, butarka tana hana mutane jin magana. Hirar da na zo muku da ita yau babu aljani a cikinta, babu naman daji. Ta makanikai ce, mutanen da na ƙare ƙuruciyata ina faɗa da su ina kuma komawa wurinsu, domin direban babbar mota ba shi da abokin rigima kamar makanike, ba shi kuma da masoyi kamarsa. Idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai, saboda haka wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da bakin magana.

A bayan tsohuwar tashar mota ta garinmu akwai layin makanikai. Rumfa ta farko idan ka shigo, ta hannun dama, a gindin dalbejiya, ita ce rumfar Baba Jatau Mai Giya, giyar mota fa, ba ta sha ba. Duk motar da za ta shiga layin sai ta gifta ta gabanta, ga inuwa, ga ruwan sama ba ya kwanciya a wurin. Babu makaniken da bai taɓa kallonta ya haɗiye yawu ba. Baba Jatau ya karɓe ta daga hannun maigidansa, shi ma maigidan daga hannun nasa ya karɓa.

Baba Jatau gajere ne, amma Allah ya rama masa a murya. In ya daka wa wani tsawa a bakin layi, mai faci da ke can ƙarshe sai ya waiwaya. Aikinsa giya ne, musamman giyar atomatik, wadda sauran makanikai ke gani su ce a kai wa Baba. Sai dai yana da halin makanikan zamaninsa. In ana son fetur daga tanki, sai ya sa tiyo a baki ya zuƙa. In kafireta ta toshe, sai ya kafa baki ya busa. Ya wanke hannu da fetur, ya ja kwanon tuwo. Na sha ce masa, “Baba, ƙirjin nan fa ba tanki ba ne.” Sai ya ce in tafi in koyi canza giya ba tare da na kashe masa kuloci ba, sannan in dawo in yi masa wa’azi.

Da tsufa ya zo, ƙirjin ya kawo ƙara. Fuka ta kama shi, irin mai tsanani. Mutumin da ake jin muryarsa daga tasha ya koma ba ya iya haɗa kalma uku sai ya tsaya ya nemi iska. Ya daina zuwa rumfa, ya koma zaman tabarma a gida, matarsa Iya Kande tana yi masa fifita. Na je gaishe shi, na fito ina share ido da hannun riga.

To, layin nan yana da ƙa’idarsa, tun ta mutanen farko. Rumfa ba ta gado ba ce, ba a sayar da ita, ba a kuma raba ta. Rumfa ɗaya, maigida ɗaya. Kowace shekara bayan Babbar Sallah makanikai suna taruwa. Maigidan da yake son ya sauka sai ya zo da ƙafarsa, ya tsaya a gaban jama’a, ya ɗaga babbar sifanarsa, ya faɗi sunan wanda ya koya masa aiki, ya faɗi sunan wanda yake bar wa rumfar, ya yi addu’a da bakinsa, sannan ya miƙa sifanar. Ba a aike, ba a wakilci. An yi haka ne don kada wani ya zo ya ce marigayi ya raɗa masa a kunne. Wanda kuwa ya shekara bai zauna a rumfarsa ba, bai kuma zo ya miƙa ba, rumfar ta koma hannun ƙungiyar makanikai, a ba wanda ke jiran layi. Kun ga ke nan, in Baba Jatau bai tsaya a taron nan ya yi magana ba, rumfar ta bar gidansu har abada. Wannan ya fi ciwon damunsa.

Cikin waɗanda ya yaye akwai mutum uku da suka fi kusa da zuciyarsa, tunda Allah bai ba shi ɗa na cikinsa ba.

Na farko Mudi, ƙato ne marar magana. Tun da ya shiga rumfar bai taɓa barinta ba. An yaye shi ya ƙi tafiya. Ya yi aure, ya tara iyali, furfura ta fara leƙo masa, amma in Baba ya ce a miƙo filaya shi ne yake fara tashi. Giya kuwa, har Baba da kansa yakan ce hannun Mudi ya fi nasa sanyi. Kowa a layin ya ɗauka rumfar ta Mudi ce, jiran rana kawai ake yi.

Ta biyu Asabe, ’yar mai tuwon layin. Kawo kwano take yi tana tsayawa kallo, har ranar da ta ce wa Baba ita ma tana so. Layi ya ɗauki surutu, wai ina aka taɓa ganin mace a ƙarƙashin mota. Baba ya ce duk wanda bai ji daɗi ba ya zo ya faɗa masa a gabansa, ba wanda ya zo. Asabe ta kama kafireta ta riƙe, har ta kai in ta saurari inji daga nesa sai ta gaya maka fetur ne ya yi yawa ko iska. Amma da aka yaye ta ba a ba ta rumfa ba. A ƙarƙashin wani mangwaro take aiki a ƙarshen layi, ruwa ya zo ta kwashe kaya ta ruga, in ya ɗauke sai ta dawo ta shimfiɗa.

Na uku Lurwanu. Wannan dai Allah bai yi hannunsa don sifana ba. Notin da aka ce ya ɗaure sai ya karya, wanda aka ce ya kwance sai ya cinye masa kai. Bakinsa kuwa ba ya hutawa da tambaya: wannan ina ya nufa, wancan me ya sa. Da Baba ya gaji, sai ya kama hannunsa ya kai shi makarantar koyon fasaha, ya ce, “Je ka tambayi waɗanda aka ɗauka don amsawa, kafin ka ƙarasa min kayan aiki.” Can ya koyi zanen inji, daga baya ya samu aiki a Kaduna wurin masu taimaka wa mutane su yi rajistar abin da suka ƙirƙira. Da Sallah yake zuwa cikin farar shadda, makanikai suna miƙa masa hannu da gangan don su ga yadda zai yi.

An kai Baba asibiti. Likita ya sa masa wani abin rufe hanci da baki, ya kunna wani ɗan inji da ke mayar da ruwan magani ya zama feshi mai laushi kamar tururi. Baba ya shaƙa, ƙirji ya buɗe, har ya tambayi likitan wace mota yake hawa. Likita ya ce wannan feshin zai riƙa sha safe da yamma, da duk lokacin da abin ya taso, domin ɗan abin shaƙan nan na aljihu ba zai ishe shi ba, ba shi da ƙarfin zuƙa. Suka sayi irin injin suka kai gida. Amma kun san wutar unguwarmu. Ta yi kwanaki ba ta zo ba, ranar da ta zo kuwa da fushi ta zo, ta ƙone injin har ƙoƙon maganin ya narke. Aka ce a sayi wani a haɗa da janareta, hayaƙin janaretan maƙwabta ma kaɗai yana nema ya kai Baba lahira. Iya Kande ta gwada surace da ganyaye, tururin ya yi masa zafi ya ƙara shaƙe shi. Asibiti kuma da nisa. Kafin a samo mota a kai shi, ido ya riga ya firfito.

Mudi ne ya fara motsi. Ya jawo wata tsohuwar giyar atomatik ya farke ta a kan benci. Bari in gaya muku yadda abin yake, don na ga wasunku ko keke ba su taɓa kwancewa ba. Giyar atomatik mai ne yake canza ta, wani jan mai mai santsi. A ciki akwai famfo da yake tura man, akwai bawul da yake nuna masa hanya, akwai kuma wani ɗan fistin mai sifirin a bayansa, wanda yake riƙe ƙarfin man ya riƙa sakinsa a hankali don kada mota ta zabura. Wannan ɗan fistin ne ya tsaya wa Mudi a rai. Ya ce abin da ya iya sakin mai a hankali zai iya tura iska a hankali.

Ya samo ƙafar tsohon keken ɗinki, ya ɗaura mata famfon. Ka taka, famfo ya juya, mai ya taru ya danne sifirin. Ka ɗaga ƙafa, sifirin ya riƙa dawowa da kansa, fistin yana tura iska ta cikin tiyo, ba gaggawa ba yankewa. Ya ɓata fistin ya fi a ƙirga kafin ya samu wanda ya dace. Da rana yana ƙarƙashin motocin mutane don kada a ce rumfa ta mutu, da ya samu sarari sai ya koma kan benci. Matarsa ta ce har a kan tuwo yakan tsaya yana taka ƙafa a ƙasa. Ranar da ya gama, ya kira Iya Kande ta taka. Tsohuwa ta ɗan taka kaɗan, iska ta yi ta fita har ta je ta sauke tukunya ta dawo. Ba wuta, ba fetur, ba hayaƙi.

Sai dai iska ce kawai. Da ya cusa tiyon cikin ruwan magani, sai ruwan ya hau ɓulɓula yana fantsama a fuskar Baba. Baba ya share gemu, ya dube shi, bai samu numfashin zagi ba.

Asabe ta zo gaisuwa ta tarar da su haka. Ta taka injin, ta tara tafin hannu ta ji iskar, ta ce, “Yaya Mudi, ka gama naka. Saura nawa.” Ai aikin kafireta ke nan tun da aka ƙirƙire ta: ta haɗa ruwan fetur da iska ta mayar da shi feshi. Ta sayo sababbin ’yan bututun tagullan nan masu ƙofa kamar ta allura, waɗanda suke kira jet, ta dafa su a sabuwar tukunya. Ta ƙera ɗan maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya, yadda in iska ta matsu ta wuce sai ta ja maganin sama ta tarwatsa shi.

Feshi ya fito, amma ita ba ta yarda da shi ba. Ta je asibiti ta tsare wata ma’aikaciyar jinya da tambaya, aka gaya mata feshin da yake da kauri a baki yake tsayawa, sai mai laushi ƙwarai ne yake sauka huhu. Ta dawo ƙarƙashin mangwaronta ta zuba ruwan gishiri ta riƙa gwadawa a kanta. Ta shaƙa, ta yi tari, ta canza jet, ta sake shaƙa, har idonta ya kaɗa ya yi jawur, masu kawo mata mota suka fara tambaya ko lafiya. Wasu suka gaji da jira suka kai aikinsu wani wuri, ba ta ko ɗaga kai ba. A ƙarshe dabara ta zo mata: ta kafa wani ɗan dutsen ado na gilashi daidai bakin jet ɗin. Manyan ɗigo su bugi dutsen su koma ƙoƙo, ƙananan su kewaye shi su wuce. Da ta tara madubi, sai ya yi dishi-dishi ba tare da ko ɗigo ɗaya ya gangaro ba. Ta kai wa likita ƙoƙon, ya duba feshin, ya nuna mata iyakar maganin da za a riƙa zubawa.

Aka haɗa na Mudi da na Asabe. Iya Kande ta taka, Baba ya shaƙa. Can sai ya janye abin daga fuska, ya ƙura wa injin ido, ya ce, “Wane sakarai ne ya ɗaure wannan notin da filaya alhali ga sifana a duniya?” Tiryan-tiryan, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Iya Kande ta rangaɗa guɗa tana hawaye. Mudi, wanda shi ne sakaran, ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin an zagi mutum ya ji daɗi haka ba.

Labari ya bazu. Masu fuka daga unguwanni suka fara sallama a ƙofar gidan. Har wani dillalin kayan gyara ya zo, ya kewaya injin yana ɗaukar hoto da waya, yana cewa in aka kai wannan waje aka buga shi da yawa, ai an wuce wurin. Asabe ba ta ji daɗin kallon da yake yi ba, ta buga wa Lurwanu waya ta ce ya zo a yi wa abin nan takarda kafin wani ya sa masa sunansa.

A tsakanin nan kuma wani abu ya ɓullo. Numfashin Baba ya dawo, amma sai ga wani tari mai nauyi, da zazzaɓi da yamma, yana ta ramewa. Damina ce, kowa ya ce sanyi ne. Aka ƙara masa bargo, aka ƙara yawan shaƙa. Ana ƙara shaƙa, tarin yana ƙaruwa.

Lurwanu ya iso. Yana shiga ɗakin ya yamutsa hanci ya ce yana jin warin man giya. Mudi ya shinshina ya ce babu. Asabe ta shinshina ta ce babu. Baba ya ce yaron nan zaman ofis ya lalata shi. Ita ma Iya Kande, da ta yi rayuwarta tana wanke kayan makanike, ta ce ita ƙamshin miyarta kawai take ji. Gaskiyarsu suka faɗa. Hancin da ya tsufa a gareji ba ya jin mai, kamar yadda ku ba kwa jin warin ɗakinku. Lurwanu ne kaɗai ya daɗe da barin layin har hancinsa ya farfaɗo.

Bai yi musu ba, ya koma kan abin da ya kawo shi. Ya ce takardar mallakar ƙirƙira ba a ba da ita don mutum ya rantse abinsa yana aiki. Dole a zana kowane ƙarfe, a bayyana inda komai ya shiga da inda ya fita, yadda baƙon da bai taɓa ganin injin ba zai iya haɗa irinsa. Saboda haka sai an kwance shi kaf. Mudi ya ce ba mai taɓa abin da Baba yake numfashi da shi. Suka kai ruwa rana, sai da Baba ya sa baki ya ce a bar mai tambaya ya yi tambayarsa, halinsa ke nan tun yana ƙarami.

Aka baje injin a kan tabarma. Lurwanu ya zauna da fensir biyu, ja da shuɗi. Hanyar mai ya bi ta da ja, hanyar iska ya bi ta da shuɗi. Ya bi, ya bi, sai ga ja da shuɗi sun haɗu a jikin fistin, babu komai tsakaninsu sai wani siririn zoben roba.

Ya ce, “Yaya Mudi, wannan zoben ba ya yoyo?”

Mudi ya ce, “Yoyo? A’a. Ɗan gumi dai, kowace giya tana yi.”

“In ta yi gumin a mota, ina yake zuwa?”

“Ya koma cikin mai.”

“A nan fa?”

Aka sake haɗa injin, aka taka shi babu magani, Lurwanu ya tara hannun farar shaddarsa a bakin tiyo ya daɗe. Da ya janye, ga wani ɗan tabo ja-ja a jiki. Gumin da ba a ɗauke shi bakin komai ba a cikin mota, shi jet ɗin Asabe yake tarwatsawa da kyau, ya aika shi can ƙasan huhun Baba safe da yamma.

Ranar nan aka koma asibiti. Likita ya ɗauki hoton ƙirji ya ce mai ne ya fara taruwa, an yi sa’a an gano da wuri, da an ƙara wata guda a haka da sai dai wani labarin. Mudi ya fita bayan ɗakin ya kifa kai a bango, ƙato guda yana kuka. Baba ya sa aka kira shi ya ce, “Share idonka. Da ni na haɗa, haka zan haɗa shi. Ni na koya maka cewa gumi ba yoyo ba ne.”

Baba yana kwance a asibiti, Lurwanu ya zana gyaran. Fistin ya daina taɓa iska gaba ɗaya. Wata sandar ƙarfe zai riƙa turawa, sandar ta fito waje ta danna wata sabuwar jakar roba mai kama da zugazugin maƙera, ita kuma jakar ta ja iskarta ta cikin matata mai tsabta. Mai yana ɗakinsa, iska tana nata, akwai tazarar da mutum zai sa hannu a tsakani. Shi dai zane ya yi, don da aka ba shi noti ɗaya ya ɗaure sai da ya karya. Mudi ya ƙera, Asabe ta sake daidaita jet, aka kai wa likita injin ɗungurungum a bayan a-kori-kura ya duba. Baba ya dawo gida, tari ya tafi, kumatu suka ciko.

Bayan wasu watanni takarda ta fito, da sunayensu su uku a jere. Sun so su sa na Baba a sama, ya ce shi abin da ya ƙirƙira a ciki ciwon ne kawai, a bar shi. Dillalin nan ya dawo, aka nuna masa takardar, ya yi musu fatan alheri da rabin baki ya tafi. Ƙananan asibitocin ƙauye, inda wuta ba ta kai ba, suka fara aiko da tambaya. Kowa ya ji daɗi, har da mu da ba mu ɗaure ko noti ɗaya ba.

Babbar Sallah ta zo ta wuce, ranar taro ta yi. Ina wurin, don ba a hana direbobi kallo. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya, aka yanka rago, masu tuwo suka jera kwanuka. Sai ga Baba Jatau ya shigo layin da ƙafarsa, cikin sabuwar riga, babbar sifana a kafaɗa. Tun daga bakin layi ya daka wa wani tsawa ya janye jek daga hanya, mai faci da ke can ƙarshe ya waiwaya. Layi ya kaure da sowa. Waɗanda suka sa wa rumfar ido ma sai da suka tafa.

Ciyaman na ƙungiya ya ce, “Baba, takarda ta ɗauki suna uku, mun gani, mun yi murna. Amma ka san rumfa suna ɗaya take ɗauka.”

Kafin Baba ya buɗe baki, jama’a sun rabu. Wasu suka ce ai babu wata magana, Mudi ne. Shi ya riƙe rumfar, ba don shi ba da ta mutu tun tuni, shi ya fara tunanin injin lokacin da kowa ya zuba wa sarautar Allah ido, kuma duk dabarar da aka yi daga baya a kan iskarsa aka ɗora ta. In ba iska, me Asabe za ta fesa, me Lurwanu zai zana? Ga shi bai san wani wuri a duniya ba sai nan. Wasu suka ce haka ne, amma fa mansa ne ya kusa kai Baba kabari.

Wasu suka ce Asabe. Iskar Mudi gemu kawai ta jiƙa. Magani bai shiga ƙirjin Baba ba sai da ya bi ta hannunta, kuma kalmar farko da ya faɗa cikakkiya ita ta ciro ta. Ta gwada abin a huhunta kafin a kai ga nasa, ta rasa masu kawo mata aiki saboda shi. Sannan cikin su ukun ita kaɗai ce ruwa yake duka. Aka ce musu to, amma kyawun feshin nata ne ya kai man can ciki, ita ma kuma ta shinshina ta ce babu.

Wasu kuma, ba su da yawa amma da ƙarfin murya, suka ce Lurwanu. Su biyun sun ba Baba numfashin wata ɗaya ne ko biyu, shi ya ba shi sauran. Ba don hancinsa da fensirinsa ba, da yau zaman makoki ake yi a nan, rumfa kuma ta tafi. Shi ya tsare musu injin daga hannun dillali, kuma ya ce in ya samu wuri zai bar Kaduna ya dawo a riƙa ƙera shi a nan. Sai wani tsoho ya ce a ba da rumfar giya ga mutumin da bai iya ɗaure noti ba? Kuma shi ya zo ne ya tarar da abu a haɗe.

Su ukun suna durƙushe a gaban Baba, ba wanda ya ɗaga kai. Mudi ya ce a ba Asabe. Asabe ta ce a ba Yaya Mudi. Lurwanu ya ce shi dai kada a ba shi sifanar a hannu, zai iya karya ta. Aka yi dariya, amma na ga idon kowannensu, kuma wallahi babu wanda ba ya so.

Baba ya ɗaga hannu, wuri ya yi shiru. Ya ɗaga sifana sama, ya faɗi sunan maigidansa da murya cikakkiya, ya yi masa addu’a, muka shafa. Sannan ya dubi su ukun ya daɗe, ya ce, “Lokacin da ba ni da numfashi, na san sunan da zan faɗa, faɗar ce ta gagare ni. Yau kun dawo min da numfashin, kun ƙwace min sunan.”

Ya sauko da sifanar a hankali, ya miƙa hannu.

A nan zan tsaya. Na ga hannun da ta sauka, amma ba zan faɗa ba sai na ji naku. Kai mai shayi, zuba wa kowa, zaman zai yi tsawo. Ga Mudi da ya samo iska, ga Asabe da ta mayar da magani feshi, ga Lurwanu da ya raba mai da numfashi. Rumfa ɗaya ce, sifana ɗaya ce. To, da kai ne Baba Jatau, a hannun wa za ka sa ta?